Awon Mahauci

Shekara talatin ina awo a Aboabo,
sikelina bai taɓa cin haƙƙin kowa ba.
Ranar da Masawudu ya rungumo akwatin wasan nan
daga rumfar Yaw Boakye a Adum,
kwance ne, gefe guda da tabon sigari,
na ɗora shi inda nake ɗora cinyar sa.
Allura ta motsa, ta ji kunya, ta tsaya.
Kilo biyu da ɗan abu.
Sidi dubu biyu da ɗari takwas.
Na ce, ɗana, ko hantar giwa ce
ai sai a rage mini.

Rabin kuɗin nasa ne, gumin wankin mota,
rabi kuwa daga ƙasan teburina ya fito,
don haka ina da bakin magana.

Bari in fara da ƙashi.
Akwatin fanko yake zuwa.
An sayar maka da akuya,
an ce igiya daban, kukanta ma daban.
Akwai wani na yaƙi, yaro ya kwana uku yana hawan dutse,
ya iso bakin ƙofa, ƙofa ta ce sidi tamanin.
Na ƙwallon bana kuwa na leƙa da kyau:
na bara ne aka sauya wa 'yan wasa riguna.
Na san irin wannan ciniki,
na san masu shafa wa naman jiya jini.
Mita tana haɗiyar kati kamar kaza da tsaba,
in aka ɗauke wuta kuma
duk garin da ya gina tun la'asar
ya bi iska, ya bar shi riƙe da roba.
Asuba biyu na tashe shi da ruwan buta.

To, ga tsoka.
Yaron nan in'ina gare shi tun yaye.
A aike shi sayen koko, ya gwammace ya nuna da yatsa.
Wani dare na tsaya bayan labule,
abu a kunnensa, yana wasa da Fuseini na Tamale,
yana cewa bi dama, rufe baya, jira ni,
magana tana zuba kamar Subin a damina,
ba tuntuɓe ko ɗaya.
Mun kai shi asibiti, mun sha rubutu,
ban taɓa jin muryarsa a miƙe ba sai ran nan.
Wannan kilo nawa ne?

Kuma da magariba na san inda yake.
Uwayen wasu a layinmu ba su sani ba.

Sai daren da ruwa ya hana fita
ya miƙo mini madannin, ya ce Baba, gwada.
Tseren mota. Ni da trotro ne iyakata,
hannun da ya saba da gatari da barho
ya rasa yadda zai lallaɓa ɗan maɓalli.
Sau goma sha ɗaya na rungumi bango.
Adiza ta yi dariya har ɗankwali ya faɗi,
rabon da in ji irinta tun kafin rasuwar innarta.

Na sake duban sikeli da safe.
Allura ba ta san dariya ba,
ba ta san in'ina ba, nauyi kawai ta sani.

Ga abin da zan ce wa mai tambaya:
kada ka sayi na yayi, jira ya huce,
nemi kwance, nemi mai dogon zango,
wanda ya tsayar da kai a ƙofa yana neman kuɗi
bar masa ƙofarsa.
Da tsada, ba na musu.
Amma duk wanda ya zo teburina ya san
ba a yanka tsoka zalla,
da ƙashin ake awo.

Gyara kuwa, ita ce ba ta da farashi.
Daren Juma'a zan koma wa bangon nan.
Na gano inda birki yake.