Abin da Kuku Barau Ya Gani

Shekara goma sha ɗaya ina dafa musu
a kulob ɗin Turawa, bayan layin dogo.
A idona duk Bature Bature ne,
hanci ɗaya, jan kunne ɗaya, gumi ɗaya.

Sai ranar da na ce wa Mai Jan Gemu,
likitan shuke-shuke na Samaru,
"Yallaɓai, Sarauniyarku na gaisuwa."
Ya ajiye cokali a hankali.
"Barau, ba tawa ba ce.
Ni ɗan Ailan ne.
Kafin su san hanyar Zazzau
sun daɗe da kafa turke a gonar kakana."

Ashe wanzamin da ya aske mu
a kan maƙwabci ya koyi aski.

Dogon Wuya, injiniyan reluwe, ɗan Ingila,
shi ne abokin darar sa kullum yamma.
Harshe ɗaya suke faɗa da shi,
buta ɗaya suke shan shayi.
Wannan ya ce, "Mun yi muku hanya."
Wancan ya ce, "Ta fitar da hatsinmu."
Ni ina goge faranti,
kunnena na cin tuwon da ba a zuba mini ba.

Wata damina buhun dankali ya ruɓe mini.
Ina shirin zubarwa ya tare ni a ƙofar kicin,
ya ɗauki ɗaya, baƙi, yana ruwa,
ya shinshina kamar mai gane gawar ɗan'uwa.
Ya ce a shekarun da wannan wari ya cika ƙasarsu
jirage na barin gaɓa cike da alkama,
mutane na mutuwa a bakin hanya
leɓensu kore da ciyawa.
Dogon Wuya bai ce uffan ba.
Ya juya yana kallon taragun gyaɗa
suna gangarawa Ikko.

Da dare na ji shi, murya ƙasa-ƙasa:
"Uwata ma daga tsibirinku take.
Wana da wanka kaki ɗaya suka sa,
rami ɗaya ya cinye su."
Mai Jan Gemu ya ce, "Na sani.
Shi ya sa abin bai warke ba.
Da baƙo ne, da mun manta."

Daren da aka sauke tutarsu a ƙasar nan
ɗaya ya yi rawa har takalminsa ya cire,
ɗaya ya tsinto masa.
Da shawara ta kwantar da mai rawar,
wanda ya tsinci takalmi
shi ya kama gaban akwati.

Yanzu ina da tebur a Tudun Wada,
gwiwa ta ƙi, ido ya yi hazo.
Yarinya ta zo da kwano:
"Baba, a ba ni dankalin Turawa."
Ina auna mata, ina ƙara gyara,
a raina ina tambaya:
wane Baturen?