Mai Amsa na Bakwai

A shagon kwamfuta na Agege na cike fom ɗin,
janareta na tari, layi ya kai bakin kwata.
Akwai gurbin da aka ce: me ya sa kake son wannan karatu?
Na rubuta, na goge, na sake.
Gaskiyar ta ƙi shiga layi uku:
nan aka binne cibiyata,
amma kullum sai an tambaye ni yaushe zan koma gida.

Baba na yayyafa wa goro ruwa na faɗa masa.
"Ilimin zamantakewa?" Bai ko ɗago ba.
"Shekara arba'in ina zaman lafiya da Yarbawa,
ban biya kowa kuɗin makaranta ba."
Da asuba na tarar da kuɗin rajista cikin takalmina,
naɗe a ganyen goro, da sauran danshi.

Agege zuwa Oshodi, Oshodi zuwa Yaba,
littafi a cinya, gwiwar wani a haƙarƙarina.
Na haddace sunayen Turawan da suka daɗe a ƙasa
tsakanin ihun kwandasta da hayaƙin dizal.
A Akoka ruwa na kwance abinsa,
bai san ana jarrabawa ba.

Farfesa Adebiyi ba ta ɗaga murya,
jan bironta ke yi mata faɗa.
Babi na biyu ya dawo kamar an yanka kaza a kai.
"Kana ta ɗauko maganar wasu," in ji ta,
"ina taka? Tafi kasuwa."
Sai yajin aiki ya zo ya zauna,
baƙon da bai san sallama ba.
Shekara biyu ta zama uku da rabi.

Mil Tuwalf, ƙarfe biyar na safe.
Tirelolin Arewa na amayar da tumatir da albasa,
taɓo har idon sawu.
Nan na sami Hambali, ɗan dako, mutumin Illela,
gammo ya cinye masa gashin tsakar ka.
Na kunna waya, na karanta masa ƙa'ida:
za a sakaya sunanka, babu mai gane ka.
Ya sauke kwando. Ya dube ni, ya daɗe.
"Malam, a duk Ikko sunan nan kaɗai na mallaka.
Shi ma sai ka sauke mini?"
Muka yi dariya. Tawa ba ta kai ciki ba.

Ya ba ni labarin ɗakin mutum goma sha ɗaya,
da adashin da suke yi don kai gawa gida,
da Iya Rishi mai abinci, wadda ke ba shi bashi
ba ta taɓa rubutawa ba.
Ni na rubuta. Na ba abin suna mai tsawo da Turanci.

Ranar kare kundi mutum biyar suka zauna kaina.
Wani ya tambayi ma'auni, wani ya tambayi waƙafi.
A shafi na casa'in da biyu, Mai Amsa na Bakwai
ya yi magana, ɗakin ya yi tsit.
Suka ce na ci.

Na kai kundin kasuwa, baƙin bango, rubutun zinare.
Aka ce Hambali ya tafi tun farkon damina,
wani ya ce gona, wani ya ce ciwon wuya.
Lambarsa a kashe.
Iya Rishi ta goge hannu a zane, ta shafa bangon,
ta ce ya biya ta kafin ya tafi, har da naira hamsin ɗin ƙarshe.

Da dare Baba ya auna kundin a tafin hannu
yadda yake auna huhun goro.
"Da nauyi," ya ce. "Wa ya ɗauko maka?"

Hambali, Baba.
Hambali ɗan Illela.