Kalma Dubu Huɗu

Ƙarfe biyun dare a Tbilisi.
Dusar ƙanƙara ta toshe bakin titi,
jirgin ƙarƙashin ƙasa ya daɗe da kwanciya,
ni kuwa ina ƙirga kalmomi
kamar mai tsince tsakuwa a cikin shinkafa.

Dubu huɗu aka ce, kada ta ɗara.
Tawa ta ɗara da ɗari uku da sha biyu.

Darussa shida na ɗauka, uku masu zurfi:
ilimin halittu, sinadarai, da lissafin nan
da ke sa Sopiko kuka a banɗaki,
ta wanke fuska, ta fito tana murmushi.
Sauran ukun wai masu sauƙi ne.
Wanda ya faɗi haka bai taɓa kwana
da tarihi a ƙarƙashin matashi ba.

Talata ina koya wa tsofaffin unguwa latsa waya,
sunan wannan hidima.
Alhamis iyo, a ruwa mai sanyin tsiya.
Asabar ina murza yumɓu ya zama karkataccen kofi,
wai ƙirƙira.
Kowanne sai na rubuta abin da na koya.
Na koyi cewa agogo ba ya jin rarrashi.
Wannan ban rubuta ba.

Malama Rusudan, mai ajin nazarin sani,
tambayarta guda ce tun bara:
Ta yaya kika san kin sani?
Na ce, gani ya kori ji.
Ta tsoma fensir a kofin ruwa, ya karye a idona,
ta zaro shi lafiya lau.
To, in ji ta, wa zai kori gani?

Dogon rubutuna kan ƙudan zuma ne,
na kakana Shalva, can Kaheti,
amya goma sha bakwai a bayan gonar inabi.
Na auna zafi, na auna danshi, na zana jadawali,
wata takwas ina bin su da ma'auni.
Shi ko kunne kawai yake karawa a jikin katako
ya ce: Sarauniyarsu ta tsufa.
Aka buɗe. Ta tsufa.

Na ce, Kaka, ta yaya ka san ka sani?
Ya dube ni, ya dubi hannunsa
da harbin shekara hamsin ya mayar ƙirgi,
ya ce: Ci burodinki kafin ya huce.
Sai da yamma, yana hura hayaƙi,
ya yi ta magana, ba da ni ba, da su.

Maganar nan ce ɗari uku da sha biyun.
Ba ta da shafi, ba ta da shekarar bugu,
ba inda zan jingina ta a jerin madogara.
Malama ta ja jan layi a gefenta, a hankali,
kamar mai neman gafara.

Maki arba'in da biyar ne ƙololuwa.
Ashirin da huɗu, an sha da ƙyar.
Jami'ar da ke hana ni barci tana son talatin da takwas.
Wani da ban sani ba, a wata ƙasa,
zai karanta ni ba suna, lamba kawai,
hancinsa bai taɓa shaƙar hayaƙin nan ba.
Mayu jarrabawa.
In Yuli ya kama, a ce: ga nauyinki.

Mama ta leƙo, gashi a hargitse.
Tamta, har yanzu?
Ta ajiye shayi, ta ɗiga zuma a ciki,
ta juya ba ta jira amsa ba.

Na shafe sakin layin. Dannawa ɗaya.
Dubu huɗu cif.
Wurin ya yi fari fat, kamar titin waje.

Sai na jawo tsohon littafin lissafi,
can bangon baya, inda ba mai dubawa,
na kwafe maganar tsohon da hannu,
har da tarinsa, har da inda ya yi shiru.
Ban ƙirga ba.

Shayin ya huce. Na sha a haka.
Da takwas akwai gwajin sinadarai.