Gudu a Wuri Ɗaya

Sun liƙa min wayoyi goma a ƙirji,
bel na zamewa ƙarƙashin sawuna.
Ina ta sauri, taga ba ta matso ba.

Likita Hajara ta ce, "Ƙara kaɗan.
Zuciya ba ta faɗin gaskiya a zaune."

Yaya Buba ya faɗi a filin Pantami,
ƙwallo a ƙafa. Aka ce iska ce.
Bappa kuma bakin rijiya a Dukku,
guga bai iso sama ba.

Minti na bakwai, layin takarda ya yi tuntuɓe.
Ta kashe injin, ta zagaye wurin da biro.

"Gado ne."
Mu da muka zaci gona kaɗai aka bar mana.
"Yaranka nawa?"

Uku.
Autar ta fi kowa son tsere.