Ɓarawonmu na Shagon Ilu

A Kanya, shagon cajin Ilu, bayan isha'i,
inda wayoyi arba'in ke kwance suna shan sola,
akwai tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen gilashi,
da wasa ɗaya tak a cikinta.

Jatau ya zaɓi jarumi, sulke har wuya.
Nomau boka ne, wuta yake jifa da ita.
Mati mai magani, shi ke tashin wanda ya faɗi.
Ni na makara wajen ɗaure awaki,
na tarar an bar mini ɓarawo:
siriri, baƙin rawani,
wuƙarsa kamar ta yankan farce.

Sati uku ina shan dariya.
In an shiga daga, ni ne a baya,
mari ɗaya na dodo, sai Mati ya zo tashina.
"Kai dai tafi ka tsinto mana kuɗi," in ji Jatau.

Sai daren da muka kai ƙofar ƙarfe.
Jatau ya sara, takobi ya dakushe.
Nomau ya ƙone layunsa kaf,
ƙofa ko gezau.
Batir ya fara kuka, saura kashi tara.

Na ce ku tsaya.
Akwai zare a ƙasa, siririn gaske,
idon mai sulke ba ya kallon ƙasa.
Na tsinke shi, masu goma suka zube a banza.
Na durƙusa gaban kwaɗo
kamar yadda babana ke yi ran kasuwa
in tsohuwa ta ɓatar da makullin adakarta.
Ƙis.

Dodo na barci a ciki, kan tarin zinariya.
Na bi inuwa, na bi bango,
na zagaya ta ƙeya
inda sulkensa bai haɗu ba.
Suka ɗaya.

Jatau ya miƙe har ya ture benci,
"Ɓarawo! Ɓarawo!"
Duka suka ɗauka, har da Ilu.

Kafin mu ankara unguwa ta tashi.
Gora, cocila, karnukan gidan Sarkin Baka,
Malam Tanimu da taɓarya, ba takalmi,
"Ina yake? Ta ina ya bi?"

Yara uku suka nuna ni da yatsa.
Batir ya mutu, ba mai ba da shaida.

Har yau in na wuce majalisa
sai dattawa su dafe aljihu suna dariya.
Ba komai.
Jiya Jatau ya riga kowa zuwa,
na same shi cikin baƙin rawanina
yana tambaya wane maɓalli ake dannawa a ɓace.