Walda

A buhun siminti aka kawo mini shi, ranar Litinin.
Katikis Anaba ya sauke shi daga bayan babur,
ya ce iskar daren Asabar ta yaye kwanon coci,
azara ta faɗo, hannun dama ya ɓalle daga kafaɗa.
"Kafin Jumma'a, Barnaba. Ka san wace Jumma'a."

Na sani. Shekara bakwai rabona da ita.

Nan Suame ba a kawo mana lafiyayye.
Salansa mai huji, gindin tirela, ƙafar tifa,
duk abin da hanyar Tamale ta tauna ta tofar.
Na kwantar da shi tsakanin taya da lagireto.
Akwasi, yarona, ya cire hula
bai ma san ya cire ba.

Zubin ƙarfe ne, mai wuyar sha'ani.
In ka kai masa wuta da sanyinsa, tsagewa yake.
Sai an lallashe shi da garwashi,
ya ɗau zafi a hankali, kamar mai fushi da aka zauna kusa da shi
ba a ce komai ba.

Baba Sallau mai fenti ya leƙo, da butarsa.
Ya ce, "Mu a wurinmu ba a gicciye shi ba,
amma hannu hannu ne. Kawo in riƙe."
Ya riƙe da awartaki, ya kau da kai.

Na sauke gilashi.

Wutar walda ba a yi mata kallon tsirara.
Wanda ya gwada, da yashi a ido zai kwana.
Ta bayan baƙin gilashi duniya duk ta ɓace,
sai ɗigo ɗaya, fari, mai rawa,
nan ne ƙarfe biyu ke zama ɗaya.
Ubangiji, ko shi ya sa?
Ko shi ya sa kake zuwa a 'yar gurasa
da ba ta kai kwabo faɗi ba,
marar gishiri, mai manne wa ganɗa?
Na daɗe ina cewa ɓuya kake.
Ashe gilashi ka sa mana.

Amma ban gama da kai ba.
Ranar da na ɗauko Tabita daga asibiti a zanen uwarta,
shekararta shida, nauyinta bai kai na batir ba,
na ce hannun da bai miƙo ba
ban ga amfanin a ɗaga masa hannu ba.
Yau ga shi a gabana, guntule,
da hujin ƙusa a tafinsa,
ni ake jira in mayar.
Waye ke gyara wani a rumfar nan?

Da na gama, ba a barin sa a iska.
Na tona yashi mai ɗumi a rabin duro,
muka sa shi, ni da Akwasi, muka rufe.
Na ja ƙofa da magariba
da wani nauyi da na sani tun da.

Ban yi barci ba. Zubi yakan tsage da dare,
ka ji ƙas, shi ke nan.

Da asuba, kafin mai koko ta fito,
na sa hannu cikin yashi.
Da sauran ɗumi.
Ya riƙe.

Tabon ya fito, kauri kamar tsutsa a kafaɗa.
Akwasi ya jona injin gogewa.
Na ce bari.
Wanda ya tashi da raunukansa biyar bai goge ba,
na shida ba zai dame shi ba.

Anaba ya ce nawa.
Na ce kuɗin sanda kawai, sidi arba'in.
Yana ɗaure buhu na tambaya,
"Fada har yanzu yana zama ran Laraba, bayan labulen nan?"
Ya ce yana zama, ƙarfe biyar.

Ban ce zan zo ba.
Na dai wanke hannu da kananzir,
na sake wankewa da sabulu,
baƙin yana nan a ƙarƙashin farce.