Masakwa

Ruwa ya ɗauke tun sati uku,
kowa ya san sai baɗi.
Amma yau da asuba muka fita dashe,
ni da Fibi da autanmu Barnaba,
dutsen Mindif tsaye a bayanmu
kamar haƙori ɗaya a bakin tsohuwa.

Na ɗaga sanda mai tsini na caka a laka,
Fibi ta tsiyaya rabin moɗa,
yaron ya sa tsiro biyu a rami.
Shi ke nan, babu ƙari.
Kurɓin nan ne guzurinsu har girbi.

Barnaba ya ce, "Baba, wa zai ba su ruwa gobe?"
Na ce, "Matsa gaba, rana na yi."
Ban amsa masa ba,
don irin tambayar ce ke hana ni barci.

Kuɗin auduga bai fito ba.
Makaranta ta aiko takarda: jaka goma sha biyu.
Ƙafar Fibi ta kumbura, maganin yana Marwa,
kuɗin mota ma aiki ne.
Ran Lahadi na jefa dala ashirin a kwandon baiko
da hannu a dunƙule,
kada na kusa da ni ya gani.
Ana waƙa, bakina na bi,
zuciyata tana can tana lissafi.

Ya Ubangiji, ba zan ɓoye maka ba:
na so a ce rumbu ka cika mini lokaci guda,
in toshe bakinsa da laka, in huta da roƙo.
Kai kuwa mudu mudu kake auno mini,
wata rana ma rabin mudu,
har na gane so kake in riƙa zuwa ƙofarka.

Ran Talata kazar da muka ce shaho ya ɗauke
ta fito daga ƙarƙashin karan dawa,
'yan tsaki tara na bin ta.
Fibi ta yi dariya har ta manta da ƙafa.

Ran Alhamis Hamajoda maƙwabci ya yi sallama,
carbi a hannu, ƙullin leda a aljihu.
Ya ce, "Shekara shida ke nan, marigayiya mahaifiyarka
ta ranta mini, ba wanda ya sani.
Jiya na sayar da maraƙi."
Jaka bakwai.
Bai kai goma sha biyu ba, na ƙirga sau uku.
Shugaban makaranta ya karɓa, ya ce saura bayan girbi.

Akuyar dai ta mutu.
Na yi addu'a a kanta, ta mutu.
Ban san dalili ba, ba zan ƙaga ba.
Na feɗe fatar na shanya,
na ce, Uba, wannan ma na bar maka.

Wata biyu babu ɗigo.
Ƙasar gona ta tsage kamar dunduniyar manomi,
ciyawa ta ƙone, tafki ya zama hanya,
masakwa kuwa kore shar,
kan ta ya fara nauyi.

Jiya na ja Barnaba tsakiyar gona.
Na ce, "Kwanta, zura hannu cikin tsagar nan."
Ya zura har kafaɗa, kunci a ƙasa,
sai ya zaro ido: "Baba, akwai sanyi!"
Ya fito da yatsu da danshin laka.

Tun watan da muke ƙorafin ruwa ya yi yawa,
muna kwashe shi da ƙwarya daga ɗaki,
ashe ajiya ake yi mana.

Na ce, "To, ka ji amsarka."
Ya shafa lakar a gaban rigarsa,
rigar makaranta, guda ɗaya tak.
Fibi za ta yi faɗa.
Sabulu ya ƙare, amma gobe kasuwa,
kuma zakaran nan ya isa sayarwa.